Kunnen-Gari

Da rana allunan shago nake rubutawa a Ƙofar Marusa:
"Ana cajin waya." "Akwai ƙanƙara." "Bashi hanji ne."
Da dare, in fenti ya bushe a yatsuna,
sai in jawo littafin lissafin da Murja ta gama da shi,
in raba shafi gida shida da bakin rula,
in saka Sada a ciki,
ko da bai ce yana son shiga ba.

Sada Kunnen-Gari.
Ba shi da mayafi mai kaɗawa a iska,
sai tsohuwar rigar ruwa ta 'yan acaɓa
da Hansai ta yi wa faci uku da zaren buhu.
Baiwarsa ji.
Yana Rafin Daɗi zai ji tulun gas na huci a Ƙofar Guga,
ya ji katanga na tsagewa a Sabuwar Unguwa
tun ruwan bai gama sauka ba.

Yana tashi sama, amma ƙasa-ƙasa,
don in ya wuce tsayin Gobarau jiri ke ɗibarsa.
Ran nan wayar wuta ta kama masa ƙafar wando,
ya yi ta lilo bisa masu suyar awara
har yara suka ƙoshi da dariya.
Haka na zana shi. Ban rufa masa asiri ba.

A gida na biyu ya fizgo yaro daga kududdufi,
jama'a na kabbara.
A gida na uku ga shi gaban Mati mai shayi yana sosa ƙeya:
ɗari bakwai tun azumi,
ban da ƙwai biyu da ba a rubuta ba.
Mati ya ce, "Kai da ka jin tafiyar kiyashi a Batagarawa,
ni da ke gabanka ina ta magana,
mi ya sa ba ka ji ba?"

Yana da riƙo.
Shekara biyu ba ya gaisawa da ƙanensa Mannir
kan iyakar gona a Ajiwa, taku huɗu da wata kuka.
Kowane dare yana jin tarin Mannir daga bayan tasha,
yana ƙirgawa,
ya juya kan tabarma, ya cusa auduga a kunne.
Audugar ba ta taɓa tare komai ba.

Da asuba yake dawowa, gari na amo a kansa.
'Yarsa na bakin ƙofa riƙe da takarda.
Shi kuwa kunnensa na Ƙofar Sauri
inda akuyar wani ta faɗa kwata.
Na zana bakin yarinyar a buɗe,
na kewaye mata kumfar magana bisa kai,
na bar ta fara fat.
Ban san abin da take cewa ba.

Yaran layi da ke hayar littafin naira hamsin
suka ce, "Malam Bishir, jarumin nan naka rago ne.
Ina mugun? Ina naushi?"
Na ce mugun na nan tafe.
Ƙarya na yi, ban ma fere masa fensir ba.

Jiya na farka, fitila ta cinye batir,
littafin a buɗe bisa gwangwanin fenti.
Cikin kumfar da na bari
ga jan biro, hannun Murja,
harufan sun kwanta kamar gero bayan iska:
"Baba, Laraba ake son iyaye a makaranta.
Sau uku na faɗa maka."

Na daɗe a zaune.
A waje Mati na hura wuta, ina jin ƙarar cokali a kofi,
ina jin babur can wajen kwana,
ina jin komai.

Na sa ɗan yatsa da miyau na goge wuyan Sada,
na juyo da kansa wajenta.
Wuyan ya fito a karkace,
kunne ɗaya ya ɗara ɗaya,
takardar ta kusa hujewa.
Na bar shi haka.

Yau Talata.
Na aika a wanke min farar rigata.